Tsoron Allah da ƙaunarsa: ba sa karo da juna

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda Kirista zai ji tsoron Allah alhali 1 Yohanna 4:18 ta ce cikakkiyar ƙauna tana korar tsoro. Amsar ita ce tsoron iri biyu ne. Wanda Yohanna yake magana a kai shi ne fargabar hukunci, irin na bawan da yake jiran bulala, kuma Almasihu ya ɗauke mana wannan a kan gicciye. Wanda ya rage mana shi ne girmama Allah a matsayinsa na Mai Tsarki, har mutum ya ji nauyin saɓa masa. Dubi Fitowa 20:20. A aya ɗaya Musa ya ce wa jama'a kada su ji tsoro, ya kuma ce Allah ya zo ne domin tsoronsa ya kasance a gabansu, kada su yi zunubi.

Abin da na lura a rayuwata shi ne, ana gane irin wannan tsoron Allah ne a inda babu ido. An taɓa ba ni amanar kuɗi a wurin aiki, aka yi kuskuren lissafi wanda da na yi shiru babu mai sani, ga ni kuma cikin matsi a lokacin. Ban tuna da wuta ba ko kaɗan. Maganar Yusufu ga matar Fotifar a Farawa 39 ce ta tsaya mini a rai, inda ya ce yaya zai yi wannan mugunta ya yi wa Allah zunubi. Na kwana ina juyi, da safe na mayar da kuɗin. In tsoron da kake ji yana sa ka guje wa addu'a bayan ka faɗi, kamar yadda Adamu ya ɓuya a gonar Adnin, to ka zauna da fasto ko wani dattijo a ikilisiyarku ku tattauna.