Birkin ABS: in cire shi ko in bar shi?

Tambaya: Malam, na sayi Corolla ƴar Kwatano. Ran nan a hanyar Ɗan Issa akuya ta tsallako, na taka birki da ƙarfi, sai ya riƙa bugun tafin ƙafata yana gurnani. Bakanikena ya ce a cire ABS ɗin, wai don ƙasar ƙanƙara aka yi shi. In cire? Daga wani mai karatu a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka cire. Bugun nan da ka ji, ai shi ne aikin ABS, wato tsarin da ke hana taya daskarewa, ta daina juyi, in an taka birki da ƙarfi.

Idan taya ta daskare ta daina juyi, jan ƙasa kawai take yi, ko ka murɗa sitiyari mota ba za ta bi ka ba. ABS yana da na'urar auna juyi a jikin taya. Da ta ga wata za ta daskare, sai kwamfuta ta sassauta matsin man birki ta kuma maido shi, sau da dama cikin daƙiƙa guda. Tsofaffin direbobi suna yin haka da ƙafa, taka-saki, taka-saki, amma babu ƙafar da ta kai wannan sauri. Don haka kai taka ka danne, ka kauce da sitiyari.

Batun ƙanƙara kuwa, asalin ABS a jirgin sama ne. Kamfanin Dunlop na Ingila ya ƙera Maxaret don kada tayoyin jirgi su daskare wajen sauka, aka ɗauko shi aka sa wa motar Jensen FF a 1966, ba kwamfuta a ciki. Chrysler Imperial ta fito da mai lantarki a Amurka a 1971, amma wanda ya yaɗu shi ne na Bosch da Mercedes suka sa a S-Class a 1978. Kan tubalinsa aka gina ESP a 1995, mai taka birkin taya ɗaya da kansa in mota ta fara zamewa a kwana.

Bakanikenka yana da ƴar gaskiya a wuri ɗaya. A rairayi ko tsakuwa, tayar da ta daskare tana tara ƙasa a gabanta, wannan kan taimaka wa mota ta tsaya da wuri, mai ABS kuwa takan ƙara tafiya kaɗan. Maganin wannan rage gudu ne da barin tazara. Amma a kan kwalta da damina, ruwa ya haɗu da ƙura da mai, nan ne yake ceton rai.

Abin da ke damuna shi ne masu cire ƙwan fitilar gargaɗin ABS ta gaban direba don a daina ganinta. In ta kama ta ƙi mutuwa, birkinka na nan, amma ABS ya tsaya. Sau da yawa datti ne ya toshe na'urar, ko wayarta ta tsinke a gargada. A ɗora wa motar kwamfutar bincike, za ta nuna tayar da ke da matsalar.