Kariya da tanjalo ba sa shan ruwa a tiyo ɗaya

Ka aiko mini da tambaya, wai wani ya kira ka gyaran farfajiyar sabon gidansa, yana so ka faɗa masa wanne ya fi tsakanin furen kariya da lemon tanjalo, kai kuma kana ganin ka jera masa su a kwami ɗaya, ga fure ga 'ya'ya. Da a gabana ka faɗi wannan ta ƙarshen, da ka sha ranƙwashi. Shekara biyu kana cika ledar renon shuka a wurina, ba ka taɓa tambayar kanka dalilin da ya sa kariyoyina suke can jikin katanga inda tiyo ba ya kaiwa ba?

Fara da tambayar mai gidan ruwansa. Rijiya ce da shi, ko burtsatse, ko daga 'yan garuwa yake saye? Kuma wa ke ban ruwa idan ya yi tafiya? Amsarsa ce za ta yi zaɓin.

Kariya 'yar ƙasar nan ce, tun daga Sahel har gabashin Afirka da kudancin Larabawa take fitowa da kanta a tsandauri da jikin duwatsu. Wancan kumburarren gindin nata randa ce, a ciki take ajiye ruwan da za ta ci rani da shi. Shi ya sa da hunturu za ta kakkaɓe ganye ta tsaya tsirara, sai kuma ka ga fure ja-ja ya rufe ta lokacin da komai ya bushe. Ƙishirwa ba ta kashe ta, ruwa ne ajalinta. Ƙasarta kashi biyu yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya ƙasar jigawa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki da ɗan garin gawayi. In a tukunya ce, a huda ƙasan da kyau, kuma ban da faranti a ƙarƙashi. Da bazara ruwa sau ɗaya a mako ya isa, shi ma sai ka tura yatsa ka ji ƙasa ta bushe. Da ta zubar da ganye, ka kai mako biyu ko uku ba ka waiwaye ta ba. Rana kuwa a ba ta duka, a inuwa rassa kawai take miƙawa, ba fure.

In za ka yanki reshe ka dasa, ka bar shi a inuwa kwana biyar zuwa bakwai bakin ya ƙafe, ka shafa masa toka. Amma ka sani reshe ba ya saurin yin ƙaton gindin nan da masu kuɗi ke so, na iri ne ke yi. Irin yana cikin kwanso biyu masu kama da ƙaho. Ka ɗaure su da zare kafin su fashe, in ba haka ba iska ta kwashe. Sabon iri mako guda ya tsiro, tsohon da ya daɗe a ajiye kada ka ɓata ledarka. Sannan ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba ke haɗa dafin kibiya a wurare da dama. Gidan da ke da yara ƙanana ko tumakin layya a sake, ka faɗa wa mai gida tun kafin ya biya. Kai ma ka wanke hannu kafin ka taɓa ido ko tuwo.

Abin da ya sa tambayarka ta tayar mini da hankali shi ne wani aiki da har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani attajiri ya ba ni gida, ya ce ga zanen da ɗansa ya ciro a waya, haka yake so: tanjalo goma sha biyu a layi, kariya arba'in a tsakankaninsu, ciyawa shimfiɗe a ƙasa. Na ce masa ba ya yiwuwa, ya ce ai shi ne mai kuɗin. Na karɓi rabin kuɗin, na zuba kayana, har da kariyoyin iri da na yi shekara biyar ina reno, gindin wasu sai da hannu biyu. Mai gadi kuwa aka ce masa kada ciyawa ta bushe, sai ya riƙa sakin tiyo safe da yamma. Ciyawa ta yi shar. Damina ta sauka, marka ta zo a Agusta, tiyo bai daina ba. Da aka kira ni, na danna gindin kariya ta farko da babban yatsa, ya shige kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, wari ya bugo ni. Ganyenta kuwa kore, don ruɓa daga saiwa take farowa, kafin ta nuna a sama an gama. Bakwai kawai na ceto, su ma sai da na tuge su, na yanke ruɓar da wuƙa har na kai farin nama, na rataye su a rumfa kwana goma.

Tanjalon ma bai tsira ba, don wani gwanin ya zo bayana ya tara musu ƙasa a gindi kamar kunyar doya, har ta binne wurin auren, wato inda aka haɗa idon tanjalo da gindin wani lemo. Ƙaro ya fara tsatsowa daga ɓawo, ɓawon ya tsage ya zagaye gindi, biyar suka mutu a tsaye. Mutumin nan ya dube ni ya ce kayan banza na kawo masa, ya hana ni cikon kuɗina, ya kuma yaɗa a cikin abokansa. Ba takarda tsakaninmu, sai na bar shi da Allah.

To, tanjalo. Shi ba ɗan daji ba ne, haɗin tanjarin da garehul ne, a Amurka aka haɗa shi. Mai ɗan wuyan nan a sama, Minneola, a 1931 aka fitar da shi a Florida. Abin da ake sayarwa ɗan aure ne, idon tanjalo a kan gindin wani lemo mai juriya. Kada ka yarda da na ƙwallo komai arharsa: ƙaya gare shi, kuma sai ya kai shekara shida ko fiye kafin ka ga ɗa, alhali ɗan aure a shekara ta uku ko ta huɗu ya fara. In za ka saya, durƙusa ka nemi tabon auren da idonka. Akwai masu karce gindin ɗan ƙwallo su naɗa leda su ce aure ne.

Rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, tazara mita shida zuwa bakwai, kuma a nisanta shi da katanga aƙalla mita uku. Ƙasar sama ka gauraya da kwano biyu na leburori na taki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin shanu gara yake gayyatowa. Wurin auren ya tsaya taƙi guda a saman ƙasa, har abada. Kwamin ban ruwa ka yi shi kamar zobe, tsakiyar a ɗan tashe, ruwa ya kewaye gindin kada ya taɓa shi. Ƙaramin itace da rani jarka ɗaya ta lita 25 duk kwana biyu zuwa uku, babba kuwa a Afrilu jarka huɗu ba ta yi masa yawa ba. Lissafa wannan da kuɗin garuwa ka gaya wa mai gidan, ka ga ko fuskarsa ba ta canza ba. Kuma ban ruwan ya zama bai ɗaya. In aka bar shi ya sha ƙishirwa sannan aka malala masa, 'ya'yan fashewa suke yi a sama.

Duk tohon da ya fito ƙasa da auren, fizge shi ranar da ka gan shi. Na gindin ne, ya fi ƙarfi, in ka bar shi zai cinye na saman, bayan shekara uku mai gida ya tsinki lemo mai tsami ya zo yana neman ka. Furen shekara biyun farko a zubar. Takin zamani 15-15-15, tafi ɗaya ga ƙarami, sau uku a damina, a bakin inuwar ganye ba a gindi ba. Minneola kuma shi kaɗai ba ya cika 'ya'ya, sa masa tanjarin ɗaya a kusa, ƙudan zuma su yi sauran aikin. Ɓawo in ya tsaya kore ba ɗanye ba ne, sanyin dare ke rina lemo, don haka yanka ɗaya ka ɗanɗana.

Ku yaran yanzu hoto kuke dasawa. Ka ga abu a waya, ba ka san ƙasar da aka ɗauke shi ba, ka ce haka za ka yi. In mutuminka na da burtsatse kuma ya nace sai duka biyun, tanjalo ya tafi bayan gida inda ba siminti, kariya ta zauna a gaba cikin tukwane ko kan tudun yashi mai tsawon gwiwa, kuma ban da ciyawa a kusa da ita. Mai gadin ka nuna masa da kanka, ka maimaita a gaban mai gida. Ka karɓi kashi biyu cikin uku na kuɗin kafin ka loda ko leda ɗaya a amalanke, a rubuta, da shaida. Gobe bayan asuba ka biyo da wuƙarka, akwai gindi talatin da suka isa aure, zan ga hannunka.