Amsa ga mai tambaya kan ƙanensa da ke aiki a injin walda

Assalamu alaikum. Malam na ga tambayarka tun jiya da daddare, ka ce ƙanenka ya samu aiki a wani kamfani an ɗora shi a kan injin walda, aikinsa ya sa ƙarfe ya danna maɓalli ya cire, kai kuma ka ga bidiyon robot suna haɗa mota babu mutum ko ɗaya a wajen, hankalinka ya tashi kana tambaya ko ya bar layin tun da wuri. Na ga wasu sun ce maka ai nan Najeriya ce babu wuta, robot ba zai zo ba. Ni gaskiya wannan amsar ba ta gamsar da ni ba, shekara 22 ke nan da walda nake ci da iyalina, tun ina yaron shago a Panteka ta Kaduna, to bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Na taɓa aiki a wani kamfani da ke yin tankokin gidan mai, irin waɗanda ake binnewa a ƙasa. Mu takwas ne masu ɗinke jikin tanki da hannu, kullum abu ɗaya, layi ɗaya mai tsawo. Wata rana aka kawo inji. Tankin ne ke juyawa a hankali a kan tayoyi, waya tana warwarowa da kanta daga naɗi, wani gari kamar yashi yana zubowa yana rufe wutar, ko hasken ba ka gani balle tartsatsi, sai dai ka ga ɓawo yana ɓallewa a baya, ɗinki ya fito sumul kamar an zana. Wallahi ranar duk jikinmu ya yi sanyi, domin abin da muke kwana biyu a kai shi kafin la'asar ya gama. Ba a yi wata uku ba aka sallami biyar.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne su wa aka bari. Ba waɗanda suka fi daɗewa ba ne. Akwai wani dattijo a cikinmu, shi in ya ji ƙarar wutar kawai ya san ta yi yawa ko ta yi kaɗan, in ya ga ɗinki ya yi huji-huji zai ce maka garin nan ya sha damshi ne ko ƙarfen ba a goge tsatsarsa ba, shi injiniyan da ya zo haɗa injin ma wajensa yake komawa. An bar shi har da ƙarin albashi. Amma wani abokina da ya shekara bakwai a kan wannan layi ɗaya tak, da ya fita waje sai ya tarar ko walda ta sama da kai bai iya ba, ba zai iya auna get ya yanka ya haɗa shi kaɗai ba, ya zaga shaguna ba wanda ya riƙe shi, yanzu Adaidaita yake ja. Har yau abin yana damuna, don mutum ne mai ƙwazo, kawai dai abu ɗaya aka koya masa shi ma bai nemi na biyu ba.

To ka ga kujerar da ƙanenka yake kai, ta sa ƙarfe da danna maɓalli, ba zan ɓoye maka ba ita ce farkon wadda ake ɗaukewa. Duk aikin da yau da gobe da jibi kamanninsa ɗaya, inji na iya cinye shi. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1961 kamfanin General Motors a Amurka ya sa robot na farko mai suna Unimate a masana'antarsa, zuwa 1969 sun sa irin waɗannan robot suna waldar ɗigo, wato manne ƙarfe biyu ɗigo-ɗigo, a jikin mota a jihar Ohio. Yau sama da shekara 50 ke nan, amma har gobe Amurkan kukan ƙarancin masu walda take. Dalili kuwa robot sai an kawo masa ƙarfe mai tsafta, an yanka daidai, an ɗaure a mazauni ɗaya, tazara ɗaya, in ta goce da 'yan milimita sai ya ɗinka iska ko ya ɓula. Kai shi gindin tirelar da shasinta ya tsage a hanyar Zariya, ga tsatsa ga baƙin mai ga ƙarfen ya karkace, sai ka kwanta a ƙasa ka leƙa kafin ka san ta inda za ka fara, nan ba wajen robot ba ne. Ko manyan ayyukan bututu irin na gas ɗin AKK da ya taso daga Ajaokuta ya bi Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, a irin wannan aiki inji na iya ɗinke doguwar hanya, amma wajen haɗe bakin da ya rage da gyaran inda hoton eksire ya nuna matsala, hannun ƙwararre ake nema.

Masu cewa babu wuta kuma, akwai abin da suka manta. Ba sai robot ya zo Kano ba kafin ya taɓa abincinka. Yana can Chaina da Turkiyya inda wuta ba ta cika ɗaukewa ba yana buga ƙofofi dare da rana, a zubo su a kwantena, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka gani da idonka. Da can mai gini in ya zo shagona ƙofofin gidan duka ni zan yi, yanzu da yawa sai dai su ba ni get da ƙarfen taga da ƙafar tankin ruwa, ƙofa kam ta kanti za su saya, ni kuma ina ƙona man janareta ba yadda zan yi in kamo farashinsu. Allah da ikonsa sai ga aikin sola ya buɗe, kusan kowane mako ina haɗa ƙarfen da ake ɗora faifan sola, kuma kowane rufi da nasa awon, dole sai na je na hau na gani.

Shawarata kar ya bar aikin, albashi ne kuma makaranta ce in ya so. Amma ya daina tsayawa a maɓalli. Ya manne wa wanda ke saita injin, ya tambaya me ya sa aka ƙara wuta, me ya sa aka rage gudun waya, in inji ya tsaya kar ya koma gefe yana danna waya, ya je ya tsuguna ya ga me aka kwance. Asabar da Lahadi ya nemi shago ya kama hannu sosai, ya fara da sandar walda mai lamba 6013 ya wuce mai lamba 7018, ya iya waldar kwance da ta tsaye da ta sama da kai, daga nan ya nemi waldar agon, wato wadda ake yi da iskar gas ta agon, ta sitenles da alminiyom don masu ita ba su da yawa a wajenmu. Ya koyi karanta zanen aiki da awo da milimita, wannan shi ya kayar da da yawa daga cikinmu da ba mu yi nisa a boko ba, shi kuwa tunda ya gama sakandare zai zo masa da sauƙi. In hali ya samu ya nemi takardar shaidar ƙwarewa, akwai hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF, akwai makarantar koyon aikin man fetur ta PTI a Effurun kusa da Warri, ya yi niyyar cin gwajin 6G, wanda ake kafe bututu a karkace ba a juya shi, kai ne za ka zagaye shi. Kuma don Allah ka ja masa kunne kan gilashin fuska, baƙin tabarau na kasuwa bai isa ya kare ido daga hasken walda ba, na sha kwana ido na zuba ruwa kamar an watsa min yashi.

Ka tambaye shi wane irin inji ne yake kai, na ɗigo ne ko mai jan waya, kuma wa ke saita masa shi da safe, shi ko wani. In ka ji ka rubuto, in sha Allah zan faɗa maka ta inda ya kamata ya fara.