Hukuncin sojan da ya ƙi harbi, da wanda ya ƙi fita fagen fama

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni soja ne, shekarata tara a bakin aiki. An taɓa kai mu wata ruga aka ce akwai infoma a ciki, ogammu ya ce a buɗe wuta, ga mata da yara suna ta gudu. Na ɗaga bakin bindigata sama ban harbi kowa ba, amma har yau zuciyata ba ta kwanta ba. Na saɓa wa shugaba ne? Akwai kuma abokan aikinmu da suka ƙi fita wani aiki saboda ƙarancin harsasai, wani ya ce mana duk wanda ya ƙi yaƙi ya yi babban zunubi. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Abin da ka yi a rugar nan wajibi ne a kanka, kuma kana da magabaci a cikin Sahabbai. A shekara ta 8 bayan Hijira Annabi (SAW) ya aiki Khalid bin Walid zuwa ga Banu Jazima. Mutanen suna son su ce sun musulunta, ba su iya faɗa daidai ba, sai Khalid ya kashe wasu, ya kama wasu, ya danƙa wa kowane mayaƙi fursuna ɗaya. Wata rana ya ba da umarni kowa ya kashe nasa. Abdullahi bin Umar ya ce wallahi ba zai kashe nasa ba, kuma babu wani daga cikin mutanensa da zai kashe. Da labari ya je wa Annabi (SAW) sai ya ɗaga hannuwansa ya ce sau biyu: "Ya Allah, ina barranta zuwa gare ka daga abin da Khalid ya aikata." Bukhari ne ya ruwaito. Ka lura, kwamandan nan Khalid ne, Takobin Allah, kuma a tsakiyar aikin yaƙi ake, duk da haka babu ko kalmar zargi ɗaya da ta hau kan Ibn Umar.

Biyayya ga shugaba dole ce, a abin da kake so da wanda ba ka so, matuƙar bai umarce ka da saɓon Allah ba. Kisan mata da yara kuwa Annabi (SAW) ya hana shi ko a yaƙi da kafirai, balle a rugar talakawa bisa zato. Malamai sun haɗu a kan cewa tilastawa ba ta halatta kashe wanda bai cancanci kisa ba, domin ranka bai fi nasa daraja ba. Ranar hisabi "oga ne ya ce" ba za ta ɗauke wa kowa jini ba. Abin da ya rage maka shi ne shaida: idan aka yi bincike aka tambaye ka, kada ka ɓoye abin da idonka ya gani.

Wanda ya ce muku gudu daga fagen fama babban zunubi ne bai yi ƙarya ba. Yana cikin aya ta 15 da 16 a Suratul Anfal, yana kuma cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa. Sai dai da ya karanto hadisin dukansa, da ya ga kisan rai ba da haƙƙi ba shi ma yana ciki. Yaƙi da 'yan ta'adda da 'yan bindigar da ke ƙone garuruwa suna sace mutane kare rayuka ne, wanda tsoro kawai ya sa ya zame ya bar 'yan'uwansa a bakin wuta ya ɗauki nauyi mai girma.

Maganar harsasai tana da nata hukunci. Aya ta 66 a Anfal ta wajabta tsayuwa matuƙar maƙiya ba su haura ninki biyu ba. Sai dai malamin fiƙihu Ibn Rushd ya kawo a littafinsa Bidayatul Mujtahid cewa Ibnul Majishun, ɗaya daga cikin ɗaliban Imam Malik, kuma ya ruwaito hakan daga Malik ɗin, yana ganin ƙarfi ake dubawa ba yawa ba, har mutum ɗaya na iya ja da baya daga mutum ɗaya idan maƙiyin ya fi shi doki da makami. A ganina wannan ya fi dacewa da zamanin da ake auna yaƙi da nauyin makami. Saboda haka ba na ɗora wa abokan aikinka zunubin gudu idan da gaske an tura su hannu rabbana, kuma suka faɗi uzurinsu a fili suna shirye su fita da zarar kaya sun iso. Amma su sani dokar soja ba ta tafiya da fatawata. A Disamba 2014 kotun soja a Abuja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi da Boko Haram, alhali suna cewa ba a ba su isassun makamai ba, sai a Disamba 2015 aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma. Juya bindiga ga kwamanda kuwa, kamar yadda aka harbi motar wani janar a Maiduguri a Mayun 2014, haram ne, babu uzurin da ke rufe shi.

Idan kuma zuciyar mutum ta daina ɗaukar aikin gaba ɗaya, to aikin soja a Najeriya na sa kai ne, ya nemi sallama ta hanyar da doka ta tanada tun yana bariki. Ranar da aka yi gaba da gaba da maƙiya, wannan ƙofar ta rufe a kansa har sai ƙura ta lafa.

Wallahu a'alam.