Filin Motoci: Nawa Fijon da Ta Shekara 14 a Gareji Za Ta Yi a Kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, wadda ya saya sabuwa. Tun da ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi aka shigar da ita gareji, yau shekara 14 ba a tayar da ita ba. Yanzu za a raba gado. Ɗan gwangwan ya taya ta da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ƙanena kuma ya ga irinta a intanet ana neman miliyoyi. Yaya za mu san kuɗinta na gaskiya? Daga wani mai karatu a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malam, kafin maganar kuɗi ga roƙonmu: kada kowa ya ɗaura mata batir ya murza makulli, kada kuma a tara yara su tura ta don a ji ko za ta tashi. Injin da ya shekara 14 a tsaye, baƙin mai ya daɗe da tsiyayewa daga jikin silinda, zoben fistin kuma sau da yawa ya manne da tsatsa. In aka tilasta masa juyawa a bushe, zobe ya karye ko ya karce bangon silinda, a minti ɗaya an rage wa magada kuɗi mai yawa.

Mota irin wannan tana da masaya iri huɗu, kowa da ma'auninsa. Ɗan gwangwan nauyi yake saye: 504 salun tana kusan kilo 1,200, a kan wannan yake lissafi, ba ruwansa da ko injin na da rai. Mai kayan gyara, irin na Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, yana kallon abin da zai kwance ya sayar ɗaya bayan ɗaya: giya, aksil, kan inji, ƙofofi, gilasai. Na uku shi ne wanda zai gyara ya hau. Na huɗu mai sha'awar tsofaffin motoci, wanda ke neman wadda ba a taɓa jagwalgwala ta ba. Tayin ɗan gwangwan shi ne ƙasan farashi, kada ku sallama ƙasa da shi. Aikin da ke gabanku shi ne gano ko motar Baba ta kai ta shiga hannun na uku ko na huɗu.

Abin da ƙanenka ya gani a intanet kuwa, a bi shi a hankali. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kuma an yi sama da miliyan uku a duniya. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da haɗa ta shekaru masu yawa bayan an daina a Turai. Saboda haka salun da wagon da a-kori-kura ba su yi ƙarancin da zai sa su tsada ba. Masu tsadar da ake nunawa yawanci masu ƙofa biyu ne, da masu buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya yi wa jiki, kuma kaɗan aka yi. Sannan kuɗin da mutum ya rubuta a shafin saye da sayarwa na Jiji ko Facebook burinsa ne, ba abin da aka damƙa masa ba.

A fara duba jiki, don inji ana sauya shi, ruɓaɓɓen jiki kuwa sai dai a yi ta faci. A ɗaga shimfiɗar ƙasa gaba da baya, a buɗe but, a leƙa ƙasan ƙofofi da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashinsu, a kuma duba inda kan shokozoba na gaba ya kama jiki a ɗakin inji. A riƙa danna bakin sukuddireba. Tsatsar da ta tsaya a sama ba komai ba ce, inda ƙarfen ya burma nan ne asara. A nan ƙasarmu tana taimakon tsohuwar mota: busasshiyar iskar Kebbi ba ta cin ƙarfe kamar ta Legas ko Fatakwal, shi ya sa mai saye daga kudu yake ɗokin motar arewa. Amma in garejin na yoyo da damina, ko motar ta taɓa zama ƙarƙashin dogonyaro har ganye ya toshe magudanar da ke gindin gilashin gaba, to a sa ran samun ruwa ya kwanta a ƙasan ƙafar direba. Abin da zafinmu ke kashewa shi ne roba: tiyo, bel, robar gilashi, saman dashbod. Ga ɓeraye masu cin waya da soson kujera, ga zanzaro da ke gina ɗakin laka a bakin kafireto da cikin salansa. A buɗe da sanda tukuna, don maciji ma yana son irin wannan wuri.

Daga nan sai inji, kuma a kira bakaniken da ya yi zamani da Fijo, ba wanda ya tashi a kan motocin kwamfuta ba. Ya zaro sandar auna baƙin mai. In man baƙi ne ko ruwan ƙasa-ƙasa, da sauƙi. In ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, ko dai ta gasket ɗin kai ko ta gindin hannun silinda, domin silindar 504 irin wadda ake zarewa ce, ruwan sanyaya inji yana zagaye da ita. Ya kwance filogi huɗun, ya zuba cokali biyu na baƙin mai da aka sirka da ɗan kananzir a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku. Sannan a sa giya a firi, a kama notin fulin ƙasa da sifana, a juya da hannu zagaye biyu cikakku. In ya juya sumul, albishir. In ya cije, a ƙara jiƙa shi mako guda. In har yanzu ya ƙi, a rubuta cewa injin sai an sauke, a daina kokawa da shi.

In ya juya, a zubar da tsohon baƙin mai, a sa sabo mai lamba 20W-50 kimanin lita huɗu da sabuwar matatar mai. Fetur ɗin da ke tanki ya riga ya zama danƙo mai warin fenti, kada ɗigo ɗaya ya kai kafireto: a cire tiyon, a ba injin mai daga galan mai tsabta. A goge kontak, a murza inji ba filogi har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da filogi a tayar. A kula da hayaƙi bayan ya ɗumama. Shuɗi yana nufin yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne, baƙi kuwa yawanci gyaran kafireto ne kawai. In akwai ma'aunin matsin silinda a gwada huɗun, bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Ko ta tashi, kada a hau titi da ita. Man birki yana shan laima, robobin birki sun bushe, kulocin ma mai yiwuwa ya manne. Taya kuma a sa ta cikin lissafin sauyi gaba ɗaya, ko da zanenta bai goge ba: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, in kuwa uku ne, ta girmi shekarar 2000.

Wannan ɗan binciken ba ya cin kuɗi sosai, amma shi ne ke raba motar da za a ce "tana tashi" da wadda za a ce "ba mu sani ba". Mai saye kullum yana ɗaukar "ba mu sani ba" a matsayin mataccen inji.

Takardu ma kuɗi ne. A nemo rasit na asali, takardar mallaka, tsohon lasisi da littafin sabis in akwai. A gwada lambar shasi da ke jikin farantin ɗakin inji da ta takarda, haka ma lambar inji. In an yi mata rajista kafin 1991, za ku ga sunan Jihar Sakkwato, don a shekarar ne aka fitar da Kebbi. Wannan ba aibi ba ne, shaida ce ta shekarunta, sai dai mai saye zai sake lamba, ya kuma cire kuɗin daga tayinsa.

Ga yadda ake lissafin. A tambayi dillalai biyu ko uku, a Birnin Kebbi da Jega ko Sakkwato, nawa aka sallama 504 mai tafiya da ƙafarta a 'yan watannin nan, a ɗauki na tsakiya. Bakanike da mai gyaran jiki da mai waya kowa ya rubuta abin da zai ci. A ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan jimlar, saboda tsohuwar mota ba ta nuna duk ciwonta sai an fara taɓa ta. Mu ɗauki misali, lambobin don fahimta ne kawai: mai tafiya naira 1,500,000, gyara 600,000, da ƙarin kashi ɗaya cikin uku ya zama 800,000. Kuɗin motarku a yadda take 700,000 ke nan, kafin la'adar dillali da kuɗin ɗauko ta. In abin da ya rage ya gaza tayin mai kayan gyara, to kasuwarta ta kayan gyara ce. In kuwa jikin lafiya lau, fentin na asali, kujeru ba a sake musu rufi ba, takardu cikakku, mai ita ɗaya tun daga farko, a ɗauki hotuna masu kyau a jira mai sha'awa wata biyu ko uku, don shi yakan biya fiye da wannan lissafi.

Tunda dukiyar gado ce, kada mutum ɗaya ya yanke farashi, kada kuma a kashe kuɗin gyara ba da yardar sauran ba, balle in akwai ƙananan marayu. A kai wa malamin da zai yi rabon, ko alƙali, ƙiyasin mutum biyu ko uku a rubuce. In wani cikinku yana son riƙe ta don tunawa da Baba, a lissafa masa ita cikin rabonsa a kan wannan farashi, a gaban shaidu.

Tambaya: Ina da Beetle da ta daɗe a ajiye, fentinta ya koɗe. In fesa mata sabo kafin in sayar? Daga wata mai karatu a Zuru.

Amsa: Hajiya, kada ki fesa. Sabon fenti a kan tsohuwar mota yana sa mai saye zargin an rufe wani abu, sai ya zo da maganaɗisu yana bin jikin don ya ji inda aka cika da fila. Fenti mai arha kuma ba ya mayar da kuɗinsa. A wanke ta, a goge da man goge fenti, a share ciki, a bar ta haka. Abin da za a duba mata shi ne farantin ƙasa, musamman ƙarƙashin kujerar baya inda batir yake zama, don ruwan batir yana cinye wurin. Injinta a baya yake kuma iska ke sanyaya shi, saboda haka a tabbata ɓeraye ba su cusa tsumma a hanyar iskar ba kafin a tayar.

Tambaya: Marsandi 240D ɗin yayana tana ajiye a gida lokacin ambaliyar 2020, ruwa ya kai mata har kujeru. Tun daga nan ba a taɓa ta ba. Tana da sauran daraja? Daga wani mai karatu a Yauri.

Amsa: Tana da ita, Malam, amma ta ragu ƙwarai. Sa'arku ɗaya, wannan samfurin da aka yi daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980 ba ya dogara da kwamfuta, ruwa ba ya kashe shi kamar yadda yake kashe motar zamani. Haɗarin yana cikin inji: na dizal yana matse iska da ƙarfi sosai, in akwai ruwa a silinda aka murza shi, sandar fistin za ta lanƙwashe nan take. A cire filogin ɗumama inji, a juya da hannu, a ga abin da zai fito. A zubar da man inji, na giya da na aksil, a duba ko akwai ruwa a ƙasansu. A ɓalle murfin ƙofa daga ciki, layin laka zai nuna daidai inda ruwan ya tsaya. Shekarun da shimfiɗa ta yi a jiƙe su ne abin tsoro, don haka a duba ƙasa da ramukan da ake sa jak. In ƙasan ta burma, a sayar wa masu kayan gyara: giya, gilasai, fitilu da ƙarafan ado na wannan Marsandi suna da masu nema. Duk wanda ya zo taya, a gaya masa maganar ambaliyar tun kafin ya tambaya, a kuma rubuta ta cikin takardar ciniki da sa hannun shaidu biyu.