Ana shiga shafina amma ba a saye

'Yar'uwa, kin ce ana shiga shafin intanet na sana'arki amma ba a saye. Fara duba nauyin hotuna. Hoton waya yakan kai megabait 3 zuwa 5. In goma suka taru a shafi ɗaya, mai ƙaramin data zai gaji ya fice kafin su buɗe. Rage faɗin kowanne zuwa fiksel 1200 (fiksel shi ne ma'aunin faɗi da tsawon hoto a allo), nauyinsa kada ya wuce kilobait 200.

Sannan ki rubuta farashi ƙarƙashin kowane kaya. Wallahi "tuntuɓe mu don jin farashi" korar mai saye yake yi. Maɓallin WhatsApp ya zauna a ƙasan allo, inda babban yatsa zai same shi ba lalube, kuɗin aike da kwanakin isowa kuma su fito fili. Ki gwada shafin a tsohuwar waya, ba a kwamfutarki ba.