Addinin mazauna Mars: mu fara da lokutan ibada

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mu ƙirƙiro wa mazauna Mars sabon addini a labarin da muke haɗawa, ko mu bar su da wanda kakanninsu suka tafi da shi. Ni dai a bar su da na gado. Mutum ba ya ajiye imaninsa don ya hau kumbo, amma wurin da ya sauka zai taɓa yadda yake ibada.

Duba lokaci kawai. Yini a Mars awa 24 ne da minti 39, shekara kuma kwana 687 a lissafinmu. Wata biyu ne ke zagaya Mars, Phobos da Deimos, kuma Phobos yana gama zagayensa cikin ƙasa da awa 8. To da wanne za a ƙirga watanni? Wasu za su riƙe kalandar Duniya, wasu su ce ranar da idonsu ke gani ita ce ma'auni. Daga nan saɓani zai taso, kuma nan ne labarinmu zai yi armashi.

An taɓa fuskantar irin wannan. A 2007 ɗan sama jannati Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya je tashar sararin samaniya cikin Ramadan, inda rana ke fitowa sau 16 a yini, sai da malaman ƙasarsa suka shirya masa jagora kan salla da alƙibla.

Ina hango wata tsohuwa da agogo biyu a hannunta, ɗaya na Duniya, jikanta yana tambayarta amfaninsa. Rawarta zan so in taka a labarin. Roƙona ɗaya: mu yarda tun yanzu ba wanda zai taɓa mutuncin addinin wani cikin labarin.